Yadda ake kare tantin saman mota da motar kanta daga ƙanƙara in an kwana a daji

Ƙanƙarar da ta koya mini hankali ta same ni ne a bayan wani ƙauye da ke kan hanyar Ngaundere zuwa Meiganga a Kamaru, a watan Afrilu, la'asar sakaliya. Na kai masu haƙa rijiyar burtsatse aiki, muka sauka a fili, na buɗe tantin da ke saman motar tun da rana don katifa ta sha iska. Yaron motata ya ɗaga kai ya dubi gabas ya ce, "Maigida, hadarin nan fa bai yi mini ba." Na ce ya bari in ƙarasa shayina. Ban ajiye kofin ba iska ta iso, ƙanƙara na biye da ita. Ba ta fi minti takwas tana zuba ba, amma ta tafi ta bar rumfar gefe a karye, tagar robar da ke rufin tantin a huje, gilashin baya a zube cikin mota, bonet kuwa kamar fuskar mai zanzana. Barguna uku da za su ceci gilashin nan suna ƙarƙashin kujera a ninke, ko taɓa su ban yi ba.

Tun daga ranar na gane cewa wannan aiki na agogo ne. Kayan kariya kowa yana da su a mota ko bai sani ba. Abin da ke kayar da mutum shi ne jinkiri, sai kuma rufe mota da abin da bai ɗaure ba.

Ka san abokin karawarka

Ƙanƙara tana haɗuwa ne a cikin dogon hadarin nan mai tsawa, wanda kansa kan haura kilomita 12 zuwa sama. Iska mai ƙarfi da ke hawa cikinsa tana ɗaukar ɗigon ruwa ta kai shi inda sanyi ke daskarar da shi, ya yi ta tara ruwa yana kauri har ya fi ƙarfin iskar da ke riƙe da shi, sai ya faɗo. A ƙasashenmu masu zafi yawancinta tana narkewa a hanya, ta iso ƙasa a matsayin manyan ɗigon ruwa masu sanyi. Shi ya sa tudu ya fi kwari shan ta: Ngaundere tana sama da mita 1,000 daga matakin teku, Garwa kuwa da ke bakin Binuwai mita 200 ne da ɗoriya, saboda haka ƙanƙarar da za ta narke kafin ta iso Garwa tana iya sauka a tudun Adamawa da sauran ƙarfinta. Haka lamarin yake a duwatsun Mandara, wajen Mokolo da Rumsiki. Dalilin da ya sa Kericho, ƙasar masu noman shayi a tudun Kenya, ta yi suna da ƙanƙara ke nan. Kada mai kwana a filin Marwa ko a bakin kogin Logon ya ɗauka shi ya tsira, ana yin ta a can ma, sai dai ba ta kai ta tudu yawa ba.

Lokacin da ya fi hatsari shi ne ƙarshen bazara da farkon damina, sa'ad da ƙasa ta gasu, laima kuma ta fara shigowa. A Adamawa hakan yakan faɗo tsakanin Maris da Mayu, a Garwa wajen Mayu, a Marwa da Kuseri da Njamena kuwa sai Yuni. A kula kuma da hadarin ban kwana na ƙarshen damina. Mafi yawansu daga azahar zuwa bayan isha suke tasowa, kuma daga gabas, kamar yadda duk wanda ya taɓa gina ɗakin ƙasa ya sani.

Girmanta ne ke faɗin ɓarnar da za ta yi. Mai girman wake ko gurjiya ƙara ce kawai, tanti mai kyau zai shanye ta. In ta kai aduwa, wato wajen santimita 2.5, ta fara lotsa bonet da rufin mota. In ta kai ƙwan zabo, santimita 4 zuwa 5, gilashi ya shiga uku, kan mutum ma haka. Masu girman goruba ba a cika ganinsu ba, amma akwai su a duniya: wadda ta faɗo a garin Vivian na Amurka a 2010 faɗinta santimita 20 ne, wadda aka yi a Gopalganj ta Bangladesh a 1986 kuwa ƙwaya ɗaya ta haura kilo 1, ƙanƙarar ranar ta kashe mutum 92. Ba don tsoratarwa na kawo su ba, sai don in nuna cewa akwai matakin da bargo ba ya aiki, kanka kawai za ka ceta.

Tun a gida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko, ka san irin tantin da ke kanka. Akwai mai ninkewa kamar littafi, wanda ake lulluɓewa da rigar tamfol bayan an ninke shi. Akwai kuma mai murfi mai tauri, na alminiyam ko faiba ko roba, wanda ake ɗagawa a sauke. Mai ninkewa in yana ninke kusan babu abin da ƙanƙara za ta yi masa, domin ƙasansa mai kauri ne ke kallon sama, katifa da zane na ciki. Matsalarsa jinkiri. Mai murfi yana rufuwa cikin minti ɗaya ko biyu, amma murfin ne ke karɓar dukan: alminiyam ya lotsa, faiba ta tsattsage, roba kuwa in ta sha ranar arewa shekara da shekaru takan bushe ta fashe kamar ƙwarya.

Abu na biyu, ka ɗauki agogo ka auna kanka. Buɗe tantin a ƙofar gida kamar za ka kwana, da bargo da matashi da komai a ciki, sa'an nan ka ninke shi har ka ja zif ɗin rigarsa. Ni da yarona karon farko minti 14 muka yi. Da muka raba aikin, shi a sama yana cusa zane, ni a ƙasa ina zare sandunan tagogi ina riƙe tsani, muka dawo minti 7. Ka riƙe lambarka a ka, za ka ga amfaninta nan gaba.

Na uku, kayan rufi. Ba sai ka sayi rigar mota ta musamman daga waje ba. Ga abin da nake ɗauka, duk a kasuwa ake samu: katifar soso mai kaurin yatsa uku, a yanka ta daidai gilashin gaba, wata kuma daidai na baya, barguna masu kauri uku ko huɗu, na gwanjo ma sun isa, tamfol babba wanda zai rufe motar daga hanci zuwa baya, irin wanda masu Faransanci ke kira bash, belin ɗaure kaya mai ƙarfen matsewa guda huɗu, irin na manyan motoci, da robar ɗaure kaya irin ta masu babur. Tabarmar roba, dardumar ƙasan mota, kwali, buhu da aka cusa wa ciyawa, duk suna aiki in an rasa na kirki. Zanar kaba ko ta gamba da za ka aro a ƙauye ta fi tabarma nesa ba kusa ba, saboda kaurinta. Kwali kuwa sai a ƙarƙashin tamfol, in ya jiƙa ya zama fate-fate.

Duk kayan nan su zauna a buhu ɗaya, a bakin ƙofar baya, ba a ƙarƙashin jarkokin mai da akwatin sifanu ba.

Na huɗu, ɗauko takardar inshorarka ka karanta. Inshorar dole da jandarmomi ke tambaya a shinge ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ta san motarka ba. In kana da mai faɗi, ka tambaya ƙarara ko ƙanƙara da guguwa suna ciki, ko fashewar gilashi na ciki, ko kuma tantin da ka ɗora daga baya an rubuta shi cikin kayan motar. A rubuta maka amsar.

Inda za ka tsaya, da inda hancin mota zai kalla

Rabin aikin a nan yake, kuma ana yin sa ne tun sama na garau.

In kusa da ƙauye ne, je ka gai da Jauro ko Lawan, wato mai garin, ka nemi wuri, daman ladabi ya ce haka. Ka haɗa da tambaya: ta ina hadari ke shigo musu, ina ruwa ke bi in an yi mai yawa, akwai rumfar kasuwa ko ta makaranta mai ƙarfi da mota za ta iya shiga? In akwai, ka je ka auna ta da ido da kuma igiya, domin mota mai tanti a ka takan haura mita 2, kuma ba a tsakiyar hadari za ka gano cewa ba ta shiga ba. Duba ma yadda aka kafa kwanon. Rumfar da aka danne kwanonta da duwatsu da tsofaffin tayoyi ba mafaka ba ce, kwanon da iska ta ɗauka ya fi ƙanƙara yanka.

Bishiya ita ce jarabar kowa. Inuwa ga ta, ganye ga shi, mutum ya ce ai zai tare. Ƙaramar ƙanƙara yana tarewa, gaskiya ne. Amma hadarin da ke kawo babba yana zuwa da iskar da ke karya reshe, da aradun da ke neman abu mafi tsawo a fili. Reshen mangwaro ko na dogon yaro guda ɗaya ya fi ƙanƙara dubu ɓarna. Bishiyar turare da ta cika Ngaundere tana da saurin sakin reshe. Giginya tana jifa da 'ya'yanta. Gawo kuwa, wanda mutum zai ce ya samu laima, da damina yake zubar da ganye, ga shi tsirara lokacin da kake bukatarsa. Abin da nake yi shi ne in tsaya yamma da kurmi ko jerin itatuwa, da tazarar da ta fi tsawon bishiya mafi tsawo a cikinsu. Suna rage mini iska, in ɗaya ta faɗi ba ta iso ni ba. Gini mai ƙarfi ko babban dutse a gabas da kai ya fi haka ma, domin ƙanƙarar da iska ke korawa a karkace take zuwa, katanga na cinye mai yawa.

Kada ka kwana a cikin mayo, wato rafi, komai kyan yashinsa. Busasshen rafi yana cika cikin mintoci da ruwan da aka yi a wani wuri da ko gani ba ka yi ba. Kada ka hau ƙololuwar tudu kai kaɗai, aradu kake gayyata. A filayen arewa mai nisa ka guji baƙar ƙasar karal da ake dasa masakwa: da rani kamar siminti, in ta sha ruwa ko mota mai jan ƙafa huɗu sai an jawo ta. Wuri mai ɗan gangare, mai tsakuwa, kusa da hanyar fita, shi ne naka.

Sai juya mota. Hancinta ya kalli gabas, inda hadari zai fito. Mutane da yawa suna yin akasin haka don tausayin gilashin gaba, alhali shi ne jarumin cikinsu. Gilashi biyu ne aka manne da roba a tsakani, in an doke shi yana tsagewa amma ya tsaya a wurinsa. Na gefe da na baya kuwa in sun fashe rugujewa suke yi gaba ɗaya kamar tsakuwa, ruwa da ƙanƙara su shigo maka. Ka ba hadari gilashin da zai iya ɗauka. Wannan tsayuwar ta dace da tanti mai murfi da ke buɗewa ta baya, domin gangaren murfin ne zai fuskanci iska. Mai ninkewa kuma a tabbata ƙofarsa da tsaninsa ba sa kallon gabas.

Kafin ka kwanta, ko kafin ka tafi aiki ka bar motar, share ƙurar da ke jikinta da tsumma. Bargon da aka shimfiɗa kan ƙura, iska na kaɗa shi, yana goge fenti kamar sanfefa.

Wata doka da na kafa wa kaina tun ranar Meiganga: a watannin ƙanƙara ba na buɗe tanti sai zan hau in kwanta, kuma ba na barin rumfar gefe a buɗe in ba na wurin.

Ƙirga tsawa

Waya tana taimako in akwai sabis. Manhajojin yanayi za su gaya maka yau akwai yiwuwar hadari mai tsawa, amma ba za su ce ƙanƙara za ta sauka a kan motarka ƙarfe biyar ba. Wannan aikin idonka ne, da na makiyayan da ke kusa. In ka ga Bororo yana tattara maruƙa da rana tsaka, kada ka tsaya tambaya.

Alamun su ne: yini mai zafi da gumi, iska ta ɗauke cak, gajimare a gabas ya yi ta hawa kamar an tara auduga, kansa ya baje ya yi faɗi kamar uwar maƙera, gindinsa ya yi baƙi ƙirin, wani lokaci da ɗan kore-kore, farin labule na saukowa daga cikinsa, wanda ya fi na ruwa haske. In ƙanƙarar na da yawa, akan ji wani gurnani da ba ya yankewa, daban da tsawa, kamar tirela na tahowa a kan tsakuwa. Iska mai sanyi da ƙura ita ce ta ƙarshe, in ta taɓa fuskarka lokaci ya ƙure.

Ga lissafin da ya fi duk alamun nan amfani. Ƙara tana cin kilomita 1 cikin daƙiƙa 3. Da ka ga walƙiya, fara ƙirge har ka ji tsawarta. In ka kai 30, hadarin yana kilomita 10 daga gare ka. Manyan hadarurrukan gabas na yankinmu sukan yi tafiyar kilomita 50 zuwa 60 a awa, wato kilomita 10 ɗin nan minti 10 ne zuwa 12. Yanzu tuno lambar da ka auna a ƙofar gida. Wanda tantinsa ke cin minti 14 ya riga ya makara a ƙirge 30. Kuma daga 30 zuwa ƙasa aradu na iya kai wa gare ka, bai kamata a ga mutum tsaye a kan rufin mota ba. Saboda haka mai tanti mai ninkewa ya fara aiki da jin tsawar farko, komai nisanta. In hadarin ya kauce, ka yi asarar minti 20 da dariyar abokan tafiya. Na sha wannan dariyar sau da yawa, ba ta taɓa kai ni wurin mai gyaran jikin mota ba.

Aikin kansa, bi da bi

Fara da mutane. Yara da tsofaffi su shiga mota ko gini tun yanzu, kada su tsaya taya ka.

Sai rumfar gefe. Ita ce mafi rauni, kuma in iska ta shiga ƙarƙashinta tana iya murɗe keriyar da tantin ke zaune a kai. Naɗe ta ka ɗaure.

Sai tanti. Kada ka ɓata lokaci wajen fito da kayan kwanciya in suna ninkuwa a ciki, sai dai bargunan da za ka rufe mota da su. Zare sanduna, ja zif ɗin tagogi, ninke, cusa zanen da ya leƙo, sa riga, ja belinta. In mai murfi ne, sauke shi ka kulle dukkan maƙullansa, ka shimfiɗa bargo biyu ko katifa a kansa. In da farantin sola a kan murfin, shi ma a rufe shi. Ana gwada farantan kirki da ƙanƙara mai santimita 2.5 kafin su fito kasuwa, abin da ya haura haka babu wanda ya yi maka alkawari. Farantin ƙasa mai ninkewa kuwa ɗauke shi ka jefa cikin mota.

Da tanti ya rufu, tsaya ka yanke shawara: in akwai rumfa mai ƙarfi da za ka kai cikin minti biyu ko uku, tafi. Kada ka taɓa motsa mota da tanti a buɗe, ko taku goma ne.

In babu, sai gilasai. Katifa a kan na gaba, ka ɗaga waifa ka mayar da su a kanta su danne. Katifa ta biyu a kan na baya. Gilasan gefe kuma ga dabarar da ta fi sauri: buɗe ƙofa, rataya bargo ta sama yadda rabinsa zai sauko ya rufe gilashin ta waje, ka rufe ƙofar a kan bakinsa. Ƙofa ta zama maɗauri, babu iskar da za ta zare shi. Ruwa zai ɗan biyo bargon ya ɗiga ciki, wannan ƙaramar asara ce. Ninke madubin gefe. In motarka tana da tagar gilashi a rufi wadda tanti bai rufe ba, ita ce ta farko a cikin gilasai.

Bonet da abin da ya rage na rufi su ne na ƙarshe, domin lotsawa ba ta hana mota tafiya, fasasshen gilashi kuwa yana iya tsayar da kai kwana uku kana jiran a aiko maka wani daga Garwa ko Ngaundere. Shimfiɗa dardumomin ƙasan mota, tabarma ninki biyu, zana, duk abin da ya saura. In injin bai huce ba kada ka ɗora soso kai tsaye a kan bonet, sa bargo tukuna.

Yanzu tamfol a kan komai, kuma a nan ne yawancin mutane ke faɗuwa. Tamfol shi kaɗai ba ya tare ƙanƙara, siriri ne, dukan yana ratsa shi. Aikinsa riƙe abin da ke ƙarƙashinsa. Fara ɗaure gefen da ke kallon iska, ka cusa bakinsa ƙarƙashin bamba ka kama shi da ƙugiyar jan mota. Sa'an nan ka wurga bel biyu ko uku ta kan motar daga gefe zuwa gefe, ka maƙala su a ramukan wili ko a jikin shasi. Kada ka maƙala a bututun birki, ko wayoyi, ko robar bamba. Matse har tamfol ɗin ya daina kaɗawa. Kada ka danne shi da duwatsu ko bulo: iska za ta ɗaga tamfol ɗin, dutsen ya gangaro kan gilashin da kake karewa. Na ga wanda ya yi haka, ƙanƙara ba ta fasa masa komai ba, dutsensa ne ya fasa.

Ka bar ƙofa ɗaya da za ka shiga, ka bar salansa a buɗe. Shiga, kashe injin. Mota a lulluɓe da inji a kunne tana tara hayaƙin da ba ya wari, yana kisa. Ku zauna nesa da gilasai gwargwadon hali, ku rufe kan yara da zane ko riga, kada a taɓa ƙarfen jikin mota in ana walƙiya. Mota mai rufin ƙarfe mafaka ce daga aradu, tanti ba mafaka ba ne, ko na sama ko na ƙasa.

Masu zama wuri ɗaya mako guda ko fiye, kamar masu rigakafin shanu ko masu aikin hanya, suna iya kafa ragar inuwa irin ta masu rainon itatuwa a kan sanduna, ta yi taku ɗaya ko biyu sama da motar. Raga tana barin iska ta wuce, tana kuma karya ƙarfin ƙanƙara kafin ta iso. A ba ta gangare sosai, in ba haka ba ƙanƙara ta taru a tsakiya nauyinta ya rusa komai a kan motar.

In ta riga ka

Da dare ne abin ya fi faruwa. Kana barci a sama, tsawa ta tashe ka, iska ta riga ta fara. Kada ka tsaya ninke tanti cikin duhu da walƙiya. Ja zif ɗin tagogi in hannunka na kai, ɗauki tocila da makullin mota, waɗanda ya kamata su kwana a aljihun tanti kusa da kanka, ɗora matashi a ka, sauko. Tsani jiƙaƙƙe yana da santsi, fuskarka na kallonsa, hannu ɗaya a riƙe. In da yaro, babba ya fara sauka ya karɓe shi. Tanti ya ji da kansa. Zane mai kyau da aka ja ya yi tsam yana jure fiye da yadda ake zato, abin da ke saurin mutuwa shi ne tagar roba da siririn mayafin ruwa na sama, su kuwa tela na gyara su.

In a kan hanya ta same ka, tsaya. Gudun mota yana ƙaruwa ne a kan gudun ƙanƙara, wadda za ta bar tabo a mota tsayayya sai ta fasa gilashin mai gudu. Sauka daga kan kwalta gaba ɗaya, kunna fitilun gargaɗi, juya hanci wajen iska in da hali. A gangaren dutsen nan da ke tsakanin Ngaundere da Mbe kada ka tsaya a kan kwana, manyan motoci na saukowa kuma ba sa ganinka. Lallaɓa har inda hanya ta buɗe. In ƙanƙarar ta kai aduwa kada ka fita don rufe komai. Kada kuma ka tsallaka mayon da ke gudu don kana son kai wa gari.

Bayan ta wuce

Ba ta daɗewa, sau da yawa ba ta kai minti 15. Amma ka ba tsawar ƙarshe minti 30 kafin ka hau rufin mota. Yaran ƙauye za su riga ka fitowa suna tsintar ta a kwano suna tsotsa. Manyansu kuwa gona za su nufa, kuma in masara ko auduga ta riga ta fito, asararsu ta fi taka. In za ka yi kukan bonet, yi shi a hankali, ka fara yi musu jaje.

Ɗauki hoto kafin ka gyara komai: ƙanƙarar a tafin hannu kusa da tsabar sefa 100 don a ga girmanta, motar ta kowane gefe, tantin ciki da waje. Lotsawa ba ta fitowa a hoto da tsakar rana, sai da safe ko yamma in haske ya kwanta, ko ka haska tocila a karkace. In kana da inshorar da ta ƙunshi wannan, sanar da su da ka samu sabis, kwanakin da suke bayarwa kaɗan ne.

Ɗaga barguna sama, kada ka ja su a kan fenti. In gilashin gaba ya tsage, busar da wurin ka manna farin salatif don ƙura kada ta shiga, ka guji ramuka, kada ka sakar masa sanyin na'ura kai tsaye. In na gefe ya zube, tamfol da salatif za su kai ka gari. Lotsawar jiki kuwa ka rabu da masu cewa a zuba tafasasshen ruwa ko a bar ta a rana ta miƙe da kanta. In fentin bai fashe ba, nemi mai gyaran da ke turo ta daga ciki da sandunan ƙarfe, kada ka yarda a fara da shafa mata ƙullu da sabon fenti.

Tanti shi ne mai bukatar gaggawa. In ka ninke shi a jiƙe, buɗe shi da rana ta fito, kada ya wuce kwana ɗaya ko biyu a rufe, domin a zafin nan fumfuna ba ta jira, kuma in ta kama zane warinta da baƙin tabonta ba sa fita. Fito da katifar ka jingine ta, ka shafa ƙarƙashinta, can ruwa ke ɓuya. Shiga ciki ka rufe ko'ina da rana tsaka: duk inda haske ya ɗigo, huji ne, yi masa alama da alli. Bi murfi da yatsa kana neman tsaga, musamman gefuna da kusa da notuna, ka cike ta da silikon kafin ruwa na gaba. Sa'an nan ɗauko sifana ka bi notunan da suka riƙe tantin da keriya, da na keriya da mota, ɗaya bayan ɗaya. Iskar da ta jijjiga shi rabin awa takan sassauta su, kuma hanyar da za ka bi ka koma gida za ta ƙarasa abin da ta fara.